Kwalbar Da Ke Ƙarƙashin Zannuwanki

Zuwa ga Uwani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun sauka Damagaram lafiya, mota ba ta jijjiga ku da yawa ba. Allah ya sa kin shiga garin da ƙafar dama, ya haɗa ki da abokan zama na kirki, ya tsare ki a kwance da tsaye. Babanki yana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Na ba kawunki Sale takardar nan a tashar Waca, na ce kada ya miƙa miki sai kin ajiye kaya kin sha ruwa. In kina karanta ta yanzu, to ya cika alkawari.

Na san za ki yi mamaki. Tun da aka haife ki ban taɓa zaunar da ke na ce ga magana ba. Ke ce ƴar fari, kuma sunan Innata aka sa miki, sai kunyar ta zama biyu. Abin da nake son ki ji, ƙanwarki nake gaya wa da ƙarfi, ko in gaya wa tukunya ina juya tuwo. Haka aka yi mini, haka na tashi ina yi. Amma wannan maganar ta fi ƙarfin tukunya, shi ya sa na nemi takarda.

Shekaranjiya da nake jera miki kaya a akwati, hannuna ya taɓa wata ƴar kwalba a ƙarƙashin zannuwa, an naɗe ta cikin ɗankwali. Na warware ɗankwalin na duba. Irin man nan ne da ake shigowa da shi daga tsallaken iyaka, wanda masu talla ke rantsuwa yana share ƙuraje, yana wanke fata. Murfinta a liƙe yake, ba ki fara ba tukuna. Ban tambayi wanda ya ba ki ba, ba kuma zan tambaya ba. Na dai san dalili. Tun bara nake ganin yadda kike jawo mayafi ki rufe kumatu in baƙo ya yi sallama, da yadda kike gaida mutane kina kallon ƙasa. Kina tsammanin ban gani ba. Na gani sarai, don fuskar nan gado ce. Irin fatarmu ke nan, mai maiƙo, mai saurin fushi. Ina roƙonki kada ki buɗe kwalbar nan sai kin kai ƙarshen takardata.

A shekarun saba'in, lokacin da na ci jarrabawar gama lakwal, wato makarantar boko, a Guci, aka kai ni kolej a Magariya. Mu ƴammata ba mu da yawa a ajin, in an ce wance kowa ya san wadda ake nufi. Aka sauke ni gidan wata dangin babana, Gwaggo Ladi, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Shekarar farko ban san ina da fuska ba. A ta biyu ce ƙuraje suka taso, daga goshi suka gangaro kumatu, har haɓa.

Akwai wani ɗan madubi a manne da murfin gwangwanin hodar Gwaggo. Shi ne ya zama abokin hirata. Kowace safiya kafin in ɗauki kaye, littafin rubutuna, sai in laɓe bayan rumbu da madubin da ƙayar aduwa, in tsire ƙurji in matse shi har ya fid da jini. A tunanina abin da ke ciki ne cutar, in ya fita an gama. Sai wurin ya kumbura ya yi ɓawo, in ɓanɓare ɓawon, ya bar baƙin ɗigo. Wata rana ƙawata Zuwaira, ƴar nan Waca, wadda muke zama benci ɗaya, ta leƙo fuskata ta ce:

"Ke Salamatu, wane wanzami ne ya yi miki zanen nan? A gaya mini sunansa, kada in kai masa ɗana."

Aka yi dariya, ni ma na yi don kada a ce na ji haushi. Amma gaskiya ta faɗa. Ƙurajen da ban kai gare su ba, na bayan kunne da na gefen wuya, sun zo sun tafi ba su bar komai ba. Waɗanda na yi wa aiki da ƙaya, su ne har yau in kin dube ni a hasken rana za ki ga gurbinsu kamar an yayyafa gero a kan laka. Saboda haka ki cire hannunki daga fuskarki. Na san ƙaiƙayin da yatsa ke yi in ya ji ƙurji ya nuna. Ki zauna a kan hannun in ya zama dole. Ƙurji ba ya wuce ƴan kwanaki, amma ramin da farce ya haƙa zai bi ki har tsufa.

Kuskurena na biyu ya fi wannan ban kunya, don ya taɓa wadda take ciyar da ni. Ƴammatan aji suka ce ai gyaɗa ce ke kawo ƙuraje. Ban yi musu ba. To ki duba inda nake zaune. Gidan da miya da tunkuza ake kaɗa ta, kunu na gyaɗa ne, kwaɗon zogale da ƙuli ake yi. Kuma shekarun fari ne, hatsi ya yi wuya, abin da aka samu shi ake ci a gode wa Allah. Sai na fara ture miya gefe ina cin tuwo gaya. In an miƙo kunu in ce na ƙoshi. Da na buɗe baki na faɗi dalili da abin ya zo da sauƙi, amma ni ba mai magana ba ce, kin san wannan. Na rame, ina gyangyaɗi a aji saboda yunwa, ƙurajen kuwa ko gezau.

Gwaggo ta yi haƙuri har ta gaji. Wata rana da azahar ta ajiye akushi a gabana, ta zauna a kan turmi tana dubana.

"Ƴar lakwal," ta ce, "miyar tawa ce ba ta kai ba, ko Nasara ne suka ce kada a ci abincin mai ƙuli? Ki faɗa mini, in aika Guci a gaya wa ubanki ya nemo miki gidan kumandan."

A nan na gane ashe ta ɗauka raina ta nake yi. Na fashe da kuka, cikin kukan na ce gyaɗa nake gudu saboda fuskata. Sai ta ƙyalƙyale da dariya har tana dukan cinya.

"Gyaɗa? Duk Magariyar nan da gyaɗa aka yaye mu. In haka ne ai da ba a bar mai kyau ko ɗaya a garin ba. Ci abinci, ƴar nan, kada ki sa a zage ni."

Na ci. Fuskar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Abin da ya rage ta, da kaina na lura da shi daga baya. Don in ɓoye ƙurajen goshi, nakan ɗaura ɗankwali in jawo shi har gira. Ɗankwalin kuwa ya sha man kitso, ya sha hayaƙin tuya, sai ya daɗe ba a wanke ba. Da bazara ta yi zafi na kasa jurewa, na tura shi baya, gumi kuma ya tilasta mini wanke shi a kai a kai. Kafin damina ta faɗi goshina ya lafa. Ashe abin da nake rufe ƙurajen da shi, shi ke ciyar da su.

To ki ci abin da aka ba ki a makaranta, kada ki yi wa kanki horon yunwa a kan maganar ƴammata. In ke da kanki kika lura akwai abin da duk kika ci sai fuskar ta tashi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ki rage shi ba tare da kin wulaƙanta mai dafawa ba. Amma kafin ki zargi kwano, ki fara duba ɗankwalinki da rigar matashinki. Ki wanke su su sha rana. In an yi miki kitso, man ya tsaya a kai, kada ya gangaro goshi. Kada ki yi aron tawul, ke ma kada ki ba da aron naki, ko da za a ce kina da rowa.

Yanzu ga babbar. Ita ce ta sa da na ga kwalbar nan na ce sai na rubuto miki.

A shekarar ƙarshe, mushe, malaminmu, ya shigo aji ya ce kowa zai kawo hoto a manna a takardun jarrabawar birbe ta gama kolej, kuma mai hoto zai zo ranar kasuwa. Kasuwar saura kaɗan. Ban taɓa ɗaukar hoto ba. Na yi ta tunanin takardar nan za ta je Damagaram, manyan mutane su buɗe su ga fuskata kamar bayan kada. Na gaya wa Zuwaira. Ita kuwa, Allah ya ba ta lada, da zuciya ɗaya take sona. Washegari ta zo da ƙulli a bakin zane.

"Matar wana ce ta ba ni. Jar kanwa ce da tafarnuwa, an daka. Ki matsa lemun tsami ki kwaɓa, ki shafa."

"Ba zai yi zafi ba?"

"Zai yi mana. In bai yi zafi ba ai ba magani ba ne. Zafin shi ne aikin. Ki daure, kafin kasuwa kin zama amarya."

Maganar ta shige ni, don duk mun tashi da ita. Magani mai ɗaci shi ne na gaske, allura ta fi ƙwaya. Da aka tashe mu da tsakar rana na koma gida, na kwaɓa na laɓta wa kuncin hagu, inda suka fi yawa. Nan da nan ya fara raɗaɗi. Na ce alhamdu lillahi, yana aiki. Hawaye na zuba, ina ƙara danna shi da yatsa. Lokacin komawa aji ya yi, na share sama-sama da bakin zane ban wanke ba, na bi rana na tafi. Kafin in isa ƙofar kolej kuncin ya yi kamar an ɗora masa garwashi. Kafin la'asar ya tashi ya yi bororo.

Gwaggo na ganina ta saki ludayi, ta kama wuyan hannuna, ba ta ko tsaya ɗaukar mayafi mai kyau ba, sai gidan likita. Majon da muka tarar, wato mai duba marasa lafiya, dattijo ne mai tabarau. Ya wanke wurin da ruwa mai yawa, ya shafa wani farin magani, sannan ya tambayi abin da na sa. Na faɗa ƙasa-ƙasa.

"Kanwa?" ya ce. "Ke wake ce da za a sa miki kanwa ki yi laushi?"

Gwaggo ta ce, "Faɗa mata dai, Majo. Ni miyata ta ƙi, ashe fuskarta take son kaɗawa."

Ya ce kada in ƙara sa komai, kada in ɓanɓare, in guji rana. Ranar kasuwa ta zo. Mai hoto ya kafa akwatinsa a gindin dogon yaro, ya rataya baƙin ƙyalle a bango. Da layi ya zo kaina na karkata kai don in ba shi kuncin dama. Ya fito da kansa daga cikin ƙyallen ya ce:

"Ƴammata, dubo ni sosai. Gwamnati kunne biyu take son gani."

Haka aka ɗauke ni, da ƙuna shimfiɗe a kunci. Ƙurajen da na so in kora a kwana kaɗan da sun tafi da kansu. Ƙunar ta warke ta bar baƙin tabo mai faɗin tafin jariri, ya fi shekara kafin ya fara dushewa.

Ki riƙe wannan da kyau. Fatar fuska ba ta son gaggawa, ba ta kuma son zafi. Duk abin da kika shafa kika ji yana cin ki, ba aiki yake yi ba, ɓarna yake yi, ki wanke shi nan take. Kanwa, toka, tafarnuwa, man goge haƙori, lemun tsami a shiga rana da shi, duk na ga waɗanda suka gwada, ban ga wadda ta gode ba. Kuma wadda za ta kawo miki irin wannan ba maƙiyiyarki ba ce, ƙawarki ce mai sonki. Shi ya sa ƙin karɓa ke da wuya. Ki ce mata kin gode, ki ajiye.

Tabon bai tsaya a kunci ba. Na tashi daga bencin gaba na koma can ƙurya. Mushe zai yi tambaya, amsar tana bakina, in ƙi ɗaga hannu don kada aji ya juyo. In aka kira ni tabulo, wato gaban allo, sai in ce kaina ke ciwo. Makin da nake samu ya zube. Da aka ba da ɗan gajeren hutu kafin jarrabawa, na tattara kayana kaf har da tabarma, na hau motar Guci. A raina na gama lakwal.

Na shiga gida na tarar da Inna tana surfe. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta dubi tabarmar da ke kaina, ta mayar da ido ga turmi. Ba ta ce me ya same ki ba. Na san ni ƴar fari ce, na san ba za ta yi mini magana ba, amma ranar abin ya yi mini ciwo. Na shige ɗaki na ce ashe ko a nan ba wanda ya damu.

Da safe ina kwance na ji ta a tsakar gida tana watsa wa kaji tsaba, tana magana a hankali kamar da su take.

"Akwai zuma a ƴar ƙwarya bayan randa. Wanda fatarsa ta ƙone sai ya lakata kaɗan ya shafa, ya bar ta ta ɗan jima, ya wanke da ruwan randa. Ba a gurzawa. Kur, kur, kur."

Na jira ta fita ɗiban ruwa, na je bayan randa. Ga ƙwaryar, an rufe ta da faifai. A shekarar da ko hatsi ba ya isa, ban san inda ta samo zuma ba, har yau ban sani ba. Washegari kajin suka sake samun darasi. Wai in an tafasa ɗan ganyen dogon yaro, ba dami guda ba, a bar ruwan ya huce sarai, a wanke fuska da shi. Na leƙa madafa na tarar an riga an tafasa, an sauke, yana hucewa. Haka muka yi ta yi. Ita da kaji, ni da randa. Fatar ta daina tsattsagewa, ta yi laushi, sabbin ƙurajen ba su yi fushi irin na da ba. Tabon dai yana nan.

Ranar da hutu ya ƙare ban motsa ba. Na ji motar kasuwa tana kiran masu tafiya Magariya. Inna ta fito ta naɗe tabarmata da kanta, ta ɗaure, ta jingina a bakin zaure tare da ƙullin gari da ƴar ƙwaryar zuma. Ta juya mini baya ta ce wa kajin:

"Wasu mutane su tashi su koma inda aka aike su. Ba kumatu aka kai lakwal ba."

Na tashi. Na koma bencin gaba, ba don kunyar ta tafi ba, sai don na fi jin nauyin tabarmar nan da aka naɗe. Na zauna jarrabawa da tabona, na tsaya gaban masu tambaya na amsa da Faransanci, na ci. Ba wanda ya tambaye ni kunci.

Bayan shekaru, ina goyonki, Inna ta yi hirar nan da ƙanwarta ina jin su daga ɗaki. Ashe ita ma ta yi ƙurajen da ƴammatancinta, ita ma ta ƙona kanta da toka. Ashe tun hutun farko da na zo da ɗigon ƙaya a fuska ta gane, ta kuma faɗa. Ta ce, "Na gaya wa kaji a bar tsire-tsire da ƙaya, na gaya musu kada a sa abu mai zafi. Yarinyar ta wuce ta gabana da tulu." Na tuna ranar. Wallahi na ji ta, na ɗauka da kajin take. Da maganar ta iso ni a lokacin, da ban taɓa kanwa ba.

Ban ga laifin Inna ba. Ta yi iyakar abin da aka koya mata, kuma kunyar nan ba ƙiyayya ba ce, ke ma kin sani. Amma na ga inda take yoyo. Ni ma bana na tsaya ina ce wa ƙanwarki, da ƙarfi, masu ƙuraje su bar taɓa fuska, masu sayen man kasuwa su yi hattara. Ƙanwar taki da ko ƙurji ɗaya ba ta da shi ta ce to. Ke kuwa kika wuce da bokiti. Da na taɓa kwalbar nan sai na ga kaina da tulu. Na ce wannan karon ba zan bar wa kaji saƙo ba.

Ga abin da na sani game da man. Na ga matan da suka shafa irinsa, a nan Waca da Dungas, wasu ma tare muka yi aji. Farkonsa daɗi ne. Ƙurajen su kwanta, fuska ta yi haske, kowa ya ce wance kin yi kyau. Daga nan fatar ta yi siriri, ta yi ja, rana ta fara cin ta. Ranar da aka daina, ƙurajen su dawo sun fi na da yawa, sai a koma a sayo wata kwalbar. Akwai wadda na sani, yanzu kumatunta sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, wuyanta wani launi, goshinta wani. Kanwata ta ƙona ni rana ɗaya na gane. Wannan a hankali yake ƙuna, yana yi ana gode masa.

A kusurwar akwatin, ta wajen dama, na sa miki abubuwa a jakar atamfa. Akwai sabulun salo. Kada ki goga shi a fuska kai tsaye, yana da kaifi. Ki murza kaɗan a tafin hannu ya yi kumfa, ki wanke da safe da kuma in za ki kwanta, ki ɗauraye sosai. In kika ji fatar ta ɗaure tana ja, ki rage. Yawan wanki ma tsokana ne. Akwai zuma a kwalbar da na toshe da tsumma, daga wajen masu amya na Guci, ba a haɗa ta da sukari ba. Ta shafawa ce, kada ku shanye ta da burodi ke da ƴan ɗakinku. Akwai farar ƙasa da na daka na tankaɗe. Ranar da babu aji ki kwaɓa kaɗan da ruwa, ki shafa inda maiƙo ya fi yawa, ki wanke kafin ta bushe ta tsage. Ganyen dogon yaro kuwa ban sa ba, Damagaram cike take da shi.

Kowanne za ki fara, ki gwada a cikin damtsenki tukuna, ki kwana ki gani. Abin da ya karɓe ni ba lalle ya karɓe ki ba. Kada ki haɗa su duka rana ɗaya, in wani ya ɓata miki ba za ki san wanne ba ne. Kuma ba zan yi miki ƙaryar masu talla ba. Waɗannan ba sa share ƙuraje. Suna kwantar musu da hankali ne, su hana su barin tabo, har lokacinsu ya wuce. Ki ba su wata da watanni. Nawa sai da na haura ashirin suka sallame ni. In kuwa kika ga masu zurfi, masu tauri a ƙarƙashin fata, suna ciwo ba sa nuna, ko fuskar ta kumbura, wannan ya wuce zuma. Ki je wajen likitan makaranta ki buɗe baki ki faɗa. Suna da maganin da ba mu da shi, kuma sun ga fuskokin da suka fi taki.

Sannan ki zauna a gaba. In kin san amsa ki ɗaga hannu. Za a dube ki, wata ma za ta yi miki ba'a irin ta Zuwaira. Ki yi dariya in abin dariya ne. Kowace yarinya a ajin nan tana da abin da take ɓoyewa, tana can tana tunanin nata, ba ta da lokacin naki.

Kwalbar tana nan inda kika ajiye ta. Na mayar da ita cikin ɗankwalinta, na jera zannuwan a kai. Na yi tunanin in ɗauke in jefa a masai, sai na ga kasuwar Damagaram ta fi ta Waca girma, in kina so za ki sami goma. Hannunki ne kaɗai zai iya barin murfin nan a rufe. Abin da nake nema gare ki shi ne, in kin zo hutu, ki dawo mini da ita yadda take. Ba sai kin ce komai ba. Ki ajiye ta a kan bangon madafa ki wuce, zan gani. In kuma kin riga kin buɗe kafin takardar nan ta same ki, ki daina yau, ki kawo ragowar, ba za ki ji faɗa daga bakina ba.

In wani abu ya dame ki, na fuska ko wanda ba na fuska ba, ki rubuto ki ba direban motar Waca. Na gwada yau na ga a takarda ba na jin nauyinki. In kin dawo gida kuwa kada ki sa ran na canza. Za ki gaishe ni in amsa ina kallon wani wuri, kamar kullum.

Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, ya ba ki lafiyar jiki da buɗin ƙwaƙwalwa. Allah ya sa ki gama lafiya, ya dawo mana da ke da fatar da kika tafi da ita. Ki riƙe salla. Ki gaida mai kula da ɗakinku.

Wassalam.

Ni ce,
wadda kike kira Yaya.